Yadda za ka fara binciken harshe da kanka, da waya da littafin rubutu kawai

Faɗi jam'in mota. Motoci ko? Toh jam'in taga fa? Tagogi. Ƙofa ƙofofi, hanya hanyoyi. In ka duba da kyau duk abu ɗaya ake yi musu, a cire wasalin ƙarshe a sa o, a maimaita baƙin ƙarshe sannan a rufe da i. Kenan da za a bi tsarin nan sak, "mototi" ya kamata mu riƙa cewa, amma ba Bahaushen da zai faɗi haka sai dai in wasa yake. Wa ya ce maka ka mayar da t ɗin nan c? Ba kowa. Doka ce tana zaune a kanka kana aiki da ita kullum ba tare da ka san tana nan ba, kuma aikin mai kimiyyar harshe kenan, ya tono irin waɗannan dokokin ya shimfiɗa su a fili yadda wani zai iya zuwa ya gwada ya ce eh haka ne, ko kuma a'a ga inda ka kuskure. Wannan gwadawar ita ta sa ake ce masa kimiyya, ba don akwai lab ko farar riga ba.

Kafin ka taɓa komai sai ka fara ajiye jan biro. Da yawanmu in aka ce nahawu abin da ke zuwa mana shi ne malami yana cewa ba haka ake faɗa ba, wannan aikin gyara ne kuma yana da wurinsa, a aji ko a teburin edita. Mai bincike shi ba ruwansa da yadda "ya kamata" a faɗa, abin da mutane ke faɗa da bakinsu shi ne hujjarsa. In ka ji wani ya ce zamna kai kuma zauna ka sani, kar ka gyara masa, rubutawa za ka yi, don nan gaba za ka ga wannan zamna ɗin ta fi taka tsufa ma. Kuma wannan ba sabon abu ba ne da Turawa suka kawo, Sibawaihi a Basra tun ƙarni na 8, shi da malaminsa Khalil bin Ahmad, da maganar Larabawan da suka yarda da Larabcinsu suke kafa hujja, Panini kuwa a Indiya tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya tsara Sanskirit cikin ƙa'idoji kusan 4,000. Shi kuwa Saussure, masanin harshe ɗan Suwizalan da ake ta ambato a lakca, sai a 1916 ɗalibansa suka buga darussansa bayan ya rasu.

Sai tambaya. Nan ne mutane ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba, wani zai ce zai yi bincike kan "tasirin Turanci a kan Hausa", haba malam, wannan ai ko shekara goma aka ba ka ba za ka gama ba. Ka matse ta har ta zama abin da za ka iya amsawa da kalmomi ɗari biyu ko hirar awa ɗaya. Misali, yaushe t ke komawa c? Ko, in aka aro kalma wane irin jam'i ake ba ta? Ƙaramar tambaya mai amsa ta fi ƙatuwa wadda sai dai a yi ta zuba a kanta.

Mu ɗauki ta farkon mu bi ta har ƙarshe don ka ga yadda abun ke tafiya. Ka buɗe littafinka ka yi layi biyu, tilo da jam'i, ko aikatau a siffofinsa daban-daban, ka yi ta zubawa: mota motoci, tasha tashoshi, ƙasa ƙasashe, gida gidaje, kaza kaji, bawa bayi, sata da ya saci kuɗi da ya sace su. Kar ka yi saurin yanke hukunci da misali uku. In sun taru za ka ga ba t kaɗai ba ce, s na komawa sh, z da d na komawa j, w na komawa y, kuma duk a gaban i ko e abin ke faruwa. Masana suna ce masa ganɗantawa, saboda harshe yana matsawa wajen ganɗa, wato tsakiyar rufin baki, daidai inda ake furta i da e, ka furta ti da ci a hankali ka ji inda harshenka ke taɓawa. To yanzu ka samu hasashe, sai ka rubuta shi a jumla ɗaya ƙwal: t ba ta zama a gaban i ko e, sai ta koma c.

Yanzu kuma aikinka shi ne ka nemi abin da zai ƙaryata ka, da gangan, kamar mai neman abokin gaba. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya don rai ba ya so, mutum in ya gano abu sai ya riƙa ganin misalan da suka goyi bayansa kawai. Zauna ka nemo kalmomi masu ti da te. Ba za ka daɗe ba za ka ci karo da tebur, titi, tikiti, siminti, asibiti. Ka ga hasashenka ya sha ƙasa kenan. Amma kar ka yar da shi, duba su da kyau, kusan duk na aro ne, sannan ga wani abun mamaki, asibiti da ke da ti lafiya lau a tilo, in ka yi jam'insa asibitoci yake komawa ba "asibitoti" ba. Kenan dokar tana nan da ranta, sai dai ta fi kama t ɗin da aka liƙa wa ɗafi mai i ko e, ba wadda ta shigo da ti ɗinta tun asali ba. Sai ka gyara jumlar taka ka sake fita farauta. Haka ake yi, tara, yi hasashe, nemi mai karya shi, gyara, kuma kalmomin da suka ƙi shiga ka ware musu shafi nasu kar ka ɓoye su, sau da yawa binciken gaba daga wannan shafin yake fitowa.

Akwai wata dabara mai daɗi ta gane ko doka tana raye ko kuwa haddace kalmomin kawai mutane suka yi. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta zana wata 'yar halitta mai kama da tsuntsu ta raɗa mata sunan da babu shi, wug, ta nuna wa ƙananan yara, sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su faɗi sunansu, sai yaran suka yi wa kalmar jam'i daidai da dokar Turanci alhali ba su taɓa jin ta ba. Kai ma za ka iya. Ƙirƙiro kalmar da babu, ka ce wannan abun sunansa "milata", to in suna da yawa fa? In mutane suka riƙa ce maka milatoci to ka kama dokar tana aiki a gabanka. In kuma suka rarrabu wasu suka ba ka wani jam'in daban, shi ma sakamako ne, rubuta ko mutum nawa ne suka faɗi kowanne.

Maganar mutane kuwa, kai kaɗai ba ka isa hujja ba ko da harshen uwarka ne, don da zarar ka san amsar da kake so kunnenka zai fara yi maka ƙarya. Nemi wasu, kuma ka nemi izininsu kafin ka danna rikodin, ka faɗa musu me za ka yi da muryar, wanda ya ce a'a a bar shi, naɗar mutum a ɓoye cin amana ne ko da binciken ya kai ina. Ka rubuta shekarunsa a ƙiyasce, inda ya tashi, da sauran harsunan da yake ji, amma a rahoto lamba ko harafi za ka sa masa ba sunansa ba. Ka samu wuri shiru, a kashe fanka, wayar ta kasance kusa da baki amma ba a manne ba, kuma ka yi amfani da manhajar rikodin mai ajiye fayil ɗin WAV, wato nau'in da ba ya matse sauti, saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi yana zubar da wasu abubuwan da za ka buƙata daga baya.

Wajen tambaya kar ka taɓa fara faɗin kalmar da kake nema. In ka ce "ana cewa kaza ko?" yawancin mutane saboda kara za su ce eh ana faɗa, ko da ba su taɓa ji ba. Nuna hoto, ko ka kwatanta abun, ko ka fara jumla ka bar shi ya ƙarasa. In ma dole sai ka kawo jumlar da kanka to ka ce ya maimaita ta da bakinsa, za ka sha mamaki, zai ce maka daidai ce amma wajen maimaitawa sai ya gyara ta ba tare da ya lura ba, wannan gyaran shi ne amsarka ta gaskiya. In harshen da ba ka ji ne kake aiki a kai, akwai jerin kalmomin da Morris Swadesh ya tsara a shekarun 1950, mai 100 da mai 200, irin su ruwa, wuta, ido, jini, biyu, mutu, da su ake yawan buɗe fage.

Babbar matsalar ita ce mutum in ya san ana sauraren bakinsa sai ya gyara zama ya koma maganar rediyo, kai kuma maganarsa ta yau da kullum kake so. Wani masanin harshe, William Labov, ya yi wa wannan wayo a New York a 1962. Yana so ya ga su wa ke furta r a ƙarshen gaɓa su wa ke haɗiye ta, sai ya shiga manyan kantuna uku, na masu hali da na matsakaita da na masu ƙaramin ƙarfi, yana tambayar ma'aikata ina ake sayar da wani kaya da ya riga ya san a hawa na huɗu yake, don a Turanci amsar ita ce fourth floor, kalmomi biyu da duk suna da r ɗin da yake nema. In sun amsa sai ya yi kamar bai ji ba su maimaita a hankali, ka ga ya samu furucin sakaci da na natsuwa daga mutum ɗaya. Mutum 264 ya yi wa haka, kuma ya tarar r ta fi fitowa a kantin masu hali. Kai ba sai ka yi irin wannan ba, abin da ya fi sauƙi shi ne ka ja mutum da labarin da zai ɗauke masa hankali, wasannin yarinta, ko ranar da ya taɓa tsorata sosai, in labari ya yi daɗi mantawa yake da wayar. Kuma minti goman farko kar ka dogara da su sosai.

Sai rubutawa, kuma gaskiya nan ne wahalar take, hirar minti biyar za ta iya cinye maka awa guda ko fiye. Ka rubuta abin da aka faɗa ba abin da ya kamata a faɗa ba, har da in'ina da yanke magana da "am" da "ka gane". Sannan ka sani rubutunmu na boko yana ɓoye abubuwa biyu manya, tsawon wasali da karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo a takarda ɗaya ne, a baki kuwa na biyun a ɗinsa dogo ne. Wuya ta jiki da wuya ta wahala baƙi da wasali duk ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba su, ta jiki sama-ƙasa, ta wahala ƙasa-sama. Kuka na hawaye sama-sama, kuka bishiya sama-ƙasa. Har cikin nahawu abun ya shiga, "ya tafi" ta labarin abin da ya wuce da "ya tafi" ta umarni, kamar a ce masa ya tafi, ba ɗaya ba ne a kunne. Saboda haka masu bincike ke ninka dogon wasali ko su ja masa layi a kai, su sa wa karin ƙasa alama su bar na sama haka nan. In karin yana ruɗa ka yi fito da kalmar ko ka yi ta da guɗa baki rufe, sai waƙar ta fito ita kaɗai. Akwai manhaja kyauta, Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, za ta zana maka hawa da saukar murya ka kuma auna tsawon wasali da ita, ELAN kuma don jera rubutu daidai da sauti ko bidiyo. Haruffan IPA ma, wato alamomin rubuta sauti na ƙasa da ƙasa, ka koye su a hankali, waɗanda suka shafi harshenka tukuna, ba sai ka haddace allon duka ba.

Irin waɗannan tagwayen kalmomin da abu ɗaya tak ya raba su, su ake kira zubin kamantau, kuma su ne ma'aunin da ake gane ko sauti biyu ƙwayoyin sauti ne daban a harshe. Kafa da ƙafa, baki da baƙi na zuwa gida, ma'ana ta canza, kenan k da ƙ ba abu ɗaya ba ne. Har r ma biyu gare mu duk da harafi ɗaya muke rubutawa, bara mai yi wa wani hidima da bara ta roƙo, saurari bakin wanda ya tashi da Hausa ka ji.

Ginin jumla shi kayan aikinsa ma sun fi araha, kunnen mai harshe ne kawai. Ka ɗauki jumla lafiyayya ka canza mata abu ɗaya ka ga ko ta karye. Yara sun tafi, daidai. Yara ne sun tafi, a daidaitacciyar Hausa kunne ya ƙi, sai dai yara ne suka tafi. Yana karatu, amma me yake karantawa, ba "me yana karantawa" ba. Su wa suka zo, yaran da suka zo. Ka ga tambaya da jaddadawa da jumlar "da" duk suna jan suka da yake maimakon sun da yana, abu uku da a ido ba su da alaƙa ashe hali ɗaya gare su. Jumlar da ba ta yiwuwa ana sa mata tauraro a gaba, kuma tana da daraja daidai da mai yiwuwa don ita ke nuna maka inda katangar take. Tun bayan littafin da masanin harshe Ba'amurke Noam Chomsky ya fitar a 1957 wannan hanya ta yi ƙarfi sosai, sai dai ni a ganina an wuce gona da iri a wasu wuraren, mutum ya zauna a ofis shi kaɗai yana yanke wa harshe hukunci. Tambayi mutum biyar ko goma, in sun saɓa ka duba ko karin harshe ne ya raba su. Jinsi ma haka, kar ka tsaya kan cewa duk mai ƙarewa da a mace ce, gwada da ne da ce, gida ne, ruwa ne, suna ne, ga kuma wuraren da bambancin ma ya yi rauni a bakin mutane.

In ƙirga kake so, tara rubutu mai yawa wuri ɗaya ka zuba a manhaja irin AntConc ta fito maka da duk inda kalma ta bayyana da maƙwabtanta. Abu biyu dai, rubutun intanet yawanci ba ƙugiya, kafa da ƙafa za su cakuɗe sai ka bi da ido, sannan in kana ƙirga sau nawa aka ce abun to dole ka ƙirga sau nawa aka ce abin, lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin komai.

Na bar tarihi a ƙarshe da gangan don nan ne aka fi yin ɓarna. Kullum za ka ga wani ya tsinci kalma biyu masu kama ya ce ai harshe kaza daga kaza ya fito. Kama ba hujja ba ce. Akwai aro, littafi da alƙalami da sabulu daga Larabci muka karɓo su, ba su nuna dangantakar jini. Akwai kuma katari kawai, a Farisanci akwai kalmar bad mai ma'ana ɗaya da ta Turanci kuma ba su haɗa asali ba, cikin harsuna wajen 7,000 dole a samu irin wannan. Abin da ake nema shi ne dacewar sauti mai maimaituwa a kalmomi da yawa na yau da kullum, da kuma ƙananan kayan nahawu waɗanda ba a cika aro ba. Wannan hanya ta samu gindin zama ne bayan William Jones ya yi jawabinsa a Kalkata a 1786 kan kamannin Sanskirit da Girkanci da Latin. Da irinta aka sa Hausa cikin harsunan Cadi, reshen babban gidan Afro-Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a rabe-rabensa na 1963, gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harsunan Berber da tsohon harshen Masar. Hujjar ba littafi da sabulu ba ce, irin su ka da ki na gidanka da gidanki ne, da ta ta mace, da ma ta mabuɗi da makaranta, da mutu, da me. Kenan 'yan uwa ne na nesa, ba wai ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Kuma ko ba ka fita daga harshe ɗaya ba za ka iya leƙa tarihinsa. Talaka amma talauci, ina k ta tafi? Buzu amma bugaje, ɓauna amma ɓakane, daga ina g da k suka ɓullo a jam'i? Amsar ita ce da can suna nan a tilon ma, sai baƙin da ya faɗo ƙarshen gaɓa ya narke ya koma u, a jam'i kuwa da yake wasali na biye da shi sai ya tsira. Wani Bajamushe August Klingenheben ya bayyana wannan a ƙarshen shekarun 1920 har ake kiran dokar da sunansa. Na leɓɓa kuma, wato m da b da f, narkewar tasu ba ta game ko'ina ba, shi ya sa a Hausar yamma, wajen Sakkwato da Katsina, har yau za ka ji zamna da sabka da abduga inda Kano ke cewa zauna da sauka da auduga.

In ka zo rubuta abin da ka samu, kowane misali ka ba shi lamba ka faɗi daga bakin wa ya fito da kuma minti na nawa a rikodin, in masu karatun ba sa jin harshen ka yi layi uku, jumlar, sai fashin kowace ƙwayar ma'ana a ƙarƙashinta, sai fassara. Kafin ka ce kai ka fara ganowa leƙa ƙamus ɗin Bargery na 1934 da nahawun Paul Newman na 2000, akwai yiwuwar an riga ka, in ma an riga ka to duba ko abin da suka rubuta ya dace da bakin mutanen da ka naɗa yau. Fayilolin kuma ka sa musu suna da kwanan wata da lambar mai magana, ka ajiye kwafi wuri biyu, ɗaya ba a cikin wayar ba.